Gudun Dogon Zango: Ilminsa, Horonsa da Rabon da Ya Rage Mana

(Takardar da baƙo mai jawabi, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya)



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta da mataimakansa, malamanmu na da da na yanzu, iyayen yara, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da kuma 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune a can baya, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar a ba ni wannan dama in yi magana a kan gudun dogon zango, wanda wasu ke kira gudun famfalaki, wasu kuma gudun yada ƙanin wani. An ce in taƙaita, zan kuwa yi ƙoƙari, sai dai batun yana da faɗi, don haka ina roƙon a yi haƙuri da ni.

GABATARWA

Zan fara da lissafi, domin lissafi ba ya son kai. Tseren da ake kira marato tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan tafiyar Kano zuwa Wudil. A shekarar 1960, a gasar Olamfik ta birnin Rum, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya gudu wannan nisa ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shekara talatin bayan haka, a 1990, ɗan ƙasarmu Abbas Mohammed ya yi wannan tsere cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, kuma wannan bajinta tasa ta shafe fiye da shekara 30 ba a sami ɗan Nijeriya da ya karya ta ba. A watan Oktoba na 2023 kuwa, a birnin Chicago na Amurka, marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya gama cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Ma'anar wannan ita ce, da a ce su biyun sun tashi tare, lokacin da Kiptum zai tsallake layin ƙarshe, gwarzon namu yana da sauran kusan kilomita 5 a gabansa.

Domin 'ya'yanmu su gane irin wannan sauri, ku auna mita 100 a filin ƙwallonku, ku gudu cikin daƙiƙa 17. Da yawanku za su iya. To sai ku maimaita sau 422 ba tare da tsayawa ba.

Tun da aka fara tseren birnin Legas a 2016, baƙi daga gabashin Afirka ne ke zuwa su kwashe manyan kyaututtuka, mu kuma a ware mana ƙaramin rukuni na 'yan gida. Tambayar da nake son mu yi wa kanmu yau ita ce: shin halitta ce ta raba mu da su, ko kuwa ilmi da tsari? Zan yi ƙoƙarin nuna muku cewa kaso mai yawa na abin ilmi ne da tsari, kuma makarantar sakandare irin tamu ita ce inda ake shuka shi.

TUKWANE UKU NA MAI GUDU

Masana aikin jiki sun yi ittifaƙi cewa abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan mai gudun nesa.

Na farko shi ne yawan iskar oksijin da jiki zai iya ɗauka ya yi aiki da ita a cikin minti ɗaya idan an ƙure shi. Wani Bature ɗan Ingila, A. V. Hill, shi ya fara bayyana wannan a farkon shekarun 1920, yana gudu da kansa da jakar tara numfashi a bayansa. Saurayi lafiyayye da ba ya atisaye yakan ɗauki kamar mililita 40 zuwa 45 a kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya. Manyan 'yan tsere kan kai 70 zuwa 85. Mutane da yawa suna zaton huhu ne ke kawo wannan bambanci, alhali kuwa zuciya ce uwar tafiya. Zuciyar wanda ya daɗe yana horo takan ƙara girma da ƙarfi, har ta riƙa tura jini lita 35 ko fiye a minti ɗaya, inda ta wanda ba ya horo ke tsayawa wajen lita 20. Shi ya sa idan mai gudu yana kwance za ka ji zuciyarsa tana bugawa sau 40 ko 50 a minti, ta sauran jama'a kuwa sau 70. Kowane bugu nata guga ne babba, ba ta bukatar yawan jefawa.

Jinin nan idan ya isa ga tsoka, akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙwayoyin tsokar da ake kira maitokondiriya. Mu ɗauke su a matsayin murhu, inda ake ƙona abinci da iska a sami ƙarfi. A 1967 wani likita a Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu na tsawon makonni, ya tarar ƙarfin waɗannan murahu ya kusa ninkawa biyu. Haka abin yake ga ɗan Adam. Gudu mai tsawo yana ƙara yawan murahun, yana kuma ƙara ƙananan hanyoyin jini da ke kai musu itace.

Na biyu shi ne iyakar saurin da mutum zai iya riƙewa ba tare da jiki ya fara cin bashi ba. Idan kana sassarfa, wani sinadari da ake kira laktet yana fita daga tsoka, jiki kuma yana kwashe shi yana mai da shi makamashi. Idan ka ƙara sauri, akwai inda za ka kai fitarsa ta fi kwasarsa yawa, sai ya fara taruwa a jini, haki ya tsananta, ƙafa ta yi nauyi. Wanda ba ya horo yakan isa wannan gaɓa tun yana amfani da kashi 60 cikin 100 na ƙarfin shan iskarsa. Gwani kuwa sai ya haura kashi 80 bai isa ba. A nan ya kamata in gyara wani zance da aka daɗe ana koyarwa, cewa wai laktet ne ke sa ciwon jiki kwana biyu bayan tsere. Ba shi ba ne, domin cikin awa guda da tsayawa jiki ya kwashe shi. Ciwon nan daga ƙananan yagewar zaren tsoka yake zuwa, kuma warkewarsu ce ke ƙara wa tsokar ƙarfi.

Na uku shi ne tattali. Motoci biyu na iya zama da inji iri ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya shan mai. Haka 'yan gudu suke. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta yi marato cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a Landan a 2003, wani masani mai suna Andrew Jones ya yi ta auna ta fiye da shekara goma. Ƙarfin shan iskarta bai sauya sosai ba tun tana budurwa, yana nan wajen 70, amma iskar da take ci a kowace kilomita ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Shekarun gudu ne suka koya wa jikinta tsimi. Haka nan kuma, binciken da Bengt Saltin da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 ya nuna cewa 'yan Kenya sun fi Turawan arewacin Turai a wannan fanni na tattali, kuma ana danganta hakan da siraran ƙwaurinsu, domin ƙafa marar nauyi ta fi sauƙin lilo. Ku dubi samarinmu na ruga da na ƙauye da kyau, ku gaya mini ko siririn ƙwauri ya yi mana ƙaranci a ƙasar nan.

YADDA ILMIN HORO YA TASO

Hanyoyin horon da ake amfani da su yau ba rana ɗaya aka same su ba. A shekarun 1930, a ƙasar Jamus, mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell suka tsara gudun zango-zango: a gudu gajeren nisa da ƙarfi har bugun zuciya ya kai wajen 180, a huta har ya sauko 120, a sake. A daidai wannan zamani a ƙasar Suwidin, Gösta Holmér ya fito da abin da ya kira fartlek, wato wasa da sauri, inda mai gudu zai shiga daji yana ƙara sauri yana ragewa yadda ƙasa da jikinsa suka ba shi. Emil Zatopek na Chekoslobakiya ya ɗauki gudun zango-zango ya kai shi maƙura, yana maimaita mita 400 sau da yawa a yini ɗaya, kuma a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya ci mita 5,000 da mita 10,000 da marato gaba ɗaya, abin da ba wanda ya sake yi.

Sai kuma Arthur Lydiard na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya ce kafin a yi maganar sauri sai an gina tushe. Yakan sa yaransa gudun mil 100 a mako, wato kilomita 160, ba da ƙarfi ba, na tsawon watanni, sannan su koma hawan tudu, sannan a wasa su da gudun sauri dab da gasa. A Rum a 1960, yaransa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinariya a mita 800 da mita 5,000 a rana ɗaya, na ukunsu Barry Magee ya zo na uku a tseren da Bikila ya ci. Abin lura shi ne, har mai tseren mita 800, wanda bai kai minti biyu ba, da dogon gudu aka gina shi.

A 'yan shekarun nan, Stephen Seiler, wani masani da ke aiki a ƙasar Norwe, ya bi littattafan atisayen gwanaye a fannin gudu da tseren keke da tuƙin kwale-kwale, ya tarar da abu ɗaya yana ta maimaituwa: kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, kashi 20 kacal ne mai tsanani. Eliud Kipchoge, wanda ya yi nisan marato cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a wani gwaji na musamman a birnin Biyana a 2019, yakan yi kusan kilomita 200 a mako a sansaninsu na Kaptagat, kuma mafi yawansu cikin natsuwa.

Jama'a, wannan shi ne babban darasin da nake son malamin wasanni da ɗalibai su tafi da shi. Kuskuren da ya fi yawa a makarantunmu shi ne a mai da kowane atisaye gasa. Yaro ya fita yau ya ƙure kansa, gobe ma haka, jibi ya kwanta da ciwon ƙwauri, daga nan ya ce gudu ba nasa ba ne. Ma'aunin gudun sannu mai sauƙi ne, ba ya bukatar na'ura: idan kana gudu kana iya hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, to kana kan hanya. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, ka wuce gona da iri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga misalin mako ɗaya ga ɗalibi mai shekara 16 ko 17 wanda ya riga ya yi wata uku yana sassarfa. Kwana uku ya yi gudun hira na minti 30 zuwa 40. Rana ɗaya ya yi mai tsanani, kamar mita 800 sau biyar da hutun minti biyu a tsakani, ko hawan tudu sau takwas. Rana ɗaya, alal misali Asabar, ya yi dogon gudu na awa guda a hankali. Kwana biyu ya huta, ko ya yi motsa jiki na ƙarfafa ciki da cinya da ƙugu. A riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kuma kowane mako na huɗu a rage, domin a lokacin hutu da barci ne jiki ke gina abin da atisaye ya nema. Yaro mai tasowa yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan gasa ta rage mako biyu, a rage yawan gudu da kusan rabi, a bar ɗan sauri kaɗan don kada ƙafa ta yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan kada a sa yaron da bai kai shekara 18 ba tseren marato. Mita 1,500 zuwa kilomita 8 sun ishe shi.

BATUN TUDU

Ana yawan cewa sirrin Kenya da Habasha shi ne tsaunuka, kuma akwai gaskiya a ciki. Duniya ta farga da haka a gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968, birnin da ke bisa mita 2,240 daga teku, inda Kipchoge Keino ya ci mita 1,500, Naftali Temu ya ci mita 10,000, Mamo Wolde kuma ya ci marato. A irin tudun garin Iten na Kenya, mita 2,400, kowane numfashi yana ɗauke da oksijin da ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai ƙoda ta ƙara fitar da wani sinadari da ke umurtar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa masu dakon iska. A 1997 Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka nuna cewa 'yan gudun da suka yi mako huɗu suna kwana a mita 2,500, suna saukowa mita 1,250 su yi atisaye mai tsanani, sun rage kusan daƙiƙa 13 a tseren mita 5,000.

Mu fa? Kano ba ta kai mita 500 ba. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila wajen 1,600. Wannan bai kai tudun da ke ƙara jini sosai ba, kada mu yaudari kanmu. Amma Jos da Mambila suna da sanyi da hawa da gangara, inda mutum zai yi dogon gudu zafi bai dafa shi ba, kuma ba mamaki ba ne da 'yan jihar Filato suka fi kowa fice a gudun nesa a ƙasar nan. Tudu taimako ne, amma Lydiard a bakin teku ya gina yaransa, kuma akwai al'ummomi da yawa a duniya da ke zaune bisa duwatsu ba su taɓa fitar da gwanin gudu ko ɗaya ba.

ZAFI, RUWA DA ABINCI

Babban abokin gabarmu a nan Arewa shi ne zafi. Jiki yana mai da kusan kashi huɗu cikin biyar na makamashin da ya ƙona zuwa zafi, kuma dole ya fitar da shi ta hanyar zufa. Mai gudu kan zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda. Yanayin da ya fi dacewa da marato shi ne wajen digiri 10 zuwa 12. A gasar duniya ta Doha a 2019, duk da cewa da tsakar dare aka yi tseren mata, cikin 68 da suka tashi 40 ne kawai suka gama, saboda zafi da laima. Saboda haka a watannin Maris da Afrilu da Mayu, atisaye sai da sassafe ko dab da faɗuwar rana. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 idan an bi shi a hankali. Lokacin hunturu kuwa shi ne damar gina tushe, in ban da ranakun da ƙura ta yi yawa, musamman ga masu asma. A watan azumi a rage nauyin atisaye, a mai da mai tsananin bayan buɗa baki.

Ina roƙon malamai su riƙe wannan da kyau: idan yaro yana gudu cikin zafi ya fara tangaɗi, ko surutai marasa kan gado, ko ya faɗi, to zafin jikinsa na iya haura digiri 40, kuma ransa na cikin haɗari. A kai shi inuwa nan take, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, in da ƙanƙara a sa. A fara sanyaya shi tun kafin mota ta zo, sannan a kai shi asibiti.

Game da shan ruwa, hanya mai sauƙi ita ce yaro ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, sai ya mayar da ita da ɗan ƙari cikin awowin da ke biye. Amma ɗura ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin jini. A tseren Boston na 2002, an auna wasu daga cikin waɗanda suka gama, aka sami kashi 13 cikin 100 da wannan matsala. A sha gwargwadon ƙishirwa.

Abinci kuwa, a nan Allah ya rufa mana asiri. Tun shekarun 1960 masana biyu 'yan Suwidin, Bergström da Hultman, suka nuna cewa tsoka tana da rumbu inda take ajiye sitaci, kuma ƙarewar wannan rumbu ce ke sa mai marato ya ji ƙafarsa ta mutu wajen kilomita 30. Rumbun nan, har da na hanta, bai wuce rabin kilo da ɗan wani abu ba. Da aka binciki abincin gwanayen Kenya a sansaninsu a 2004, an tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da suke samu daga sitaci da sukari yake. Mene ne abincin? Ugali, wato tuwon masara, da ganye, da wake, da shayi mai madara. Ashe ke nan tuwonmu da miyar zogale, da fura da nono, da kunun gyaɗa, da ɗanwake, da dabino, ba su da abin raini. Abin da ɗakin cin abincin makarantun kwana ke gazawa a kai shi ne yawa, da kuma abin gina jiki irin ƙwai da kifi da nama.

LAFIYA KAFIN GASA

Akwai abubuwa huɗu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna rage jini, wanda jininsa ya yi ƙasa kuwa ba horon da zai amfane shi. Kuma duk yaron da ke da zazzaɓi kada ya yi gudu sai ya warke sarai, domin zuciya na iya taɓuwa. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mai AS yana iya gudu har ya yi fice, amma dole a san da shi, a guji ƙure shi farat ɗaya cikin zafi ko bisa tudu, a bar shi ya tsaya duk lokacin da ya ji jikinsa ya sauya. Na uku, 'yan mata sun fi shiga ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma idan yarinya mai atisaye ta ga al'adarta ta ɗauke, alama ce ta abinci bai isa ba, ƙashinta na iya yin rauni, sai a ga likita. Na huɗu, ƙwaya. Tramadol da ya addabi samarinmu, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Yana ɓoye ciwo ne kawai, ciwo kuwa ɗan aike ne da jiki ke turowa. Kenya kanta ta ga 'yan wasanta da dama an dakatar da su saboda ƙwayoyi, sunan da aka gina cikin shekaru ya zube a rana ɗaya.

ABIN DA MAKARANTA ZA TA IYA

Yanzu na zo kan abin da ya shafi wannan Ƙungiya kai tsaye. A garin Iten akwai makarantar sakandare ta St. Patrick. A 1976 wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da kowa gudu ba. A hankali ya koya, yana lura da yara, yana haƙuri da su. Daga hannunsa aka sami Peter Rono, zakaran mita 1,500 a Olamfik ta 1988, da Matthew Birir a 1992, da Wilson Kipketer, da David Rudisha wanda ya kafa bajintar duniya a mita 800 a Landan a 2012. Da yawa daga cikin ɗaliban makarantar gudu ne ya samo musu gurbin karatu kyauta a jami'o'in Amurka. Iyayen da ke tsoron wasa zai ɓata karatu su lura da wannan.

A Habasha kuma akwai ƙaramin gari mai suna Bekoji, inda malamin wasanni Sentayehu Eshetu ya raini Derartu Tulu, wadda ta ci zinariyar mita 10,000 a Basalona a 1992, da Kenenisa Bekele, da Tirunesh Dibaba. Haile Gebrselassie shi ma tun yana yaro yakan gudu kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a hammatarsa. A duk waɗannan wurare ba a fara da babban filin wasa ba. An fara da malami ɗaya mai kishi, da hanyar ƙasa, da agogo.

Mu kuwa duk mun san yadda muka saba. Shekara ta zagayo, gasar gidaje ta matso, a kaɗa ƙararrawa a kora yara daji ba shiri, wanda ya dawo a zuba masa gulukos a tafin hannu, shi ke nan sai baɗi. Wani lokaci ma gudu horo ne ga wanda ya yi laifi. Yaron da aka saba hukunta shi da zagaya fili, yaya za a yi ya so gudu? Allah kaɗai ya san yawan gwanayen da suka ratsa ta makarantunmu suka fita ba wanda ya gane su.

Don haka nake gabatar wa Ƙungiya waɗannan shawarwari:

1. A ɗauki nauyin malamin wasanni ya je kwas na horar da 'yan guje-guje, a kuma ba shi ɗan alawus na atisayen safe.

2. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su ware rana ɗaya a farkon kowace shekarar karatu su duba yaran da ke son shiga, a auna yawan jininsu da rukuninsa, a saurari zuciyarsu.

3. A auna hanyoyi biyu a bayan makaranta, ta kilomita 3 da ta kilomita 5, a kafa alamu, a sayi agogon tsere da sikeli, a buɗe littafi da za a riƙa rubuta lokacin kowane yaro duk wata. Kipchoge kansa da hannu yake rubuta atisayensa a littafi.

4. A ƙara wa 'yan tawaga ƙwai da wake da madara, a tanadi ruwan sha mai tsabta a bakin fili, da takalma masu sauƙin kuɗi. Takalman zamani masu tsada, waɗanda bincike ya nuna suna rage cin ƙarfi da kusan kashi 4 cikin 100, ba su ne bukatar mai koyo ba.

5. A ba 'yan mata dama daidai da maza, da malama mace mai kula da su, da suturar da iyayensu za su aminta da ita.

6. A dogon hutu, a kai waɗanda suka fi ƙwazo sansani na mako biyu ko uku a Jos, su yi gudu tare da waɗanda suka fi su. Sharaɗin shiga kuwa shi ne yaro ya riƙe karatunsa.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaba, gina mai gudun nesa yakan ci shekara takwas zuwa goma. Wanda muka fara da shi yau yana aji ɗaya, sai ya gama jami'a za mu ga iyakar abin da zai iya. Wasunmu da ke zaune a nan ƙila ba za su ga ranar ba, amma itacen da muke shan inuwarsa a harabar nan ma wasu ne suka dasa. Kuma ko da ba mu fitar da zakaran duniya ba, za mu fitar da samari da 'yan mata masu lafiyayyar zuciya, waɗanda suka saba tashi da asuba, suka san haƙuri, suka nisanci ƙwaya, a zamanin da hawan jini da ciwon sukari suka yi mana yawa.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, duk wanda ke jin yana da wannan baiwa, ya je ya ba malamin wasanni sunansa a wannan mako. Ya fara da minti 20 a hankali, kwana uku a mako, ya riƙe hakan har ƙarshen zango.

Ina fata kafin a tashi daga wannan taro za a naɗa kwamiti da zai duba waɗannan shawarwari, ya kawo rahoto da kiyasin kuɗi a taro na gaba. Allah ya ƙara ɗaukaka wannan makaranta, ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.